Rumbun da Ya San Sunayen Karnuka

Matata Sirkka ta mutu ne saboda ba wanda ya kira ni a waya. Haka nake faɗa, kuma duk wanda ya zo mini da doguwar maganar likitoci sai in ce ya riƙe abarsa. An kai ta asibitin garinmu da ciwon huhu, zazzaɓi ya rufe ta har ba ta gane mutane. Ni ina daji ina saran itace. Nas ta tambayi kwamfuta ko akwai abin da zai hana a yi mata allurar fanisilin, kwamfuta ta ce babu. Ni kuwa na san tun tana budurwa maganin nan ya taɓa kumbura mata maƙogwaro har ta kusa tafiya. Ba a taɓa rubutawa ba, gurbin a wofi yake. Kafin in iso an lulluɓe ta.

Da wuri na bar makaranta, abin da na sani da kaina na koye shi, kuma bayan mun binne ta na zauna na koyi wannan ma. Rumbunan bayanai da harshe ɗaya ake tambayarsu, wanda masu sana'ar ke kira SQL, kuma an yi masa ƙa'ida domin tambaya ɗaya ta ba da amsa ɗaya ko rumbun wa aka tambaya. Ƙa'idar ta ce gurbin da ba a cika ba, ba "a'a" ba ne, "ba a sani ba" ne. Tsohon rumbun asibitinmu ya kiyaye wannan. In ya ga wofi sai ya tsayar da nas, ya tilasta mata neman dangi. Sabon da aka sayo, na wani kamfani da ke nan garin, mai da wofi yake ya zama "a'a", don hakan ya fi sauri.

Kuma yana da hatimi. Gidan Gwaji da ke bayan coci ya jarraba shi, ya ba da shaidar cewa ya cika ƙa'ida, a kan wannan shaidar majalisar gari ta saya. Nas ba za ta iya buɗe cikin rumbu ta duba ba, ni ma haka. Hatimi alkawari ne da aka yi wa waɗanda ba za su iya dubawa da kansu ba. Wanda ya sayar da shi ya sayar da makafi ne, ba takarda ba.

Da masu bincike suka sake gwada rumbun ya faɗi warwas, sai gari ya yanke hukunci kafin 'yan sanda su ɗaura takalmi. Aulis Tervo na Gidan Gwaji ne ya yi gwajin farko da hannunsa, tsoho mai shekaru da yawa a kan aikin. A shagon kofi na gidan mai, Tyyne mai shagon tana zuba wa mutane tana cewa, "Ni dai tambaya nake, ba zargi ba. Daga ina tsohon nan ya samo kwale-kwale mai inji?" Aka daina zama a teburinsa. Matarsa ta daina zuwa waƙar coci. Ƙungiyar farautarmu ta aika masa cewa bana ya huta a gida.

Ni ban yi gulma ba. Bindigata na sauko da ita, na share, na shafa mata mai.

A haka Raili Moilanen ta same ni a ɗakin girki. Raili ta yi rayuwar aikinta a Helsinki, babban birnin ƙasarmu, cikin masu rubuta ƙa'idojin harshen tambaya, da ta yi ritaya ta dawo gidan ubanta. Ita da karyarta Halla 'yan sanda ke kira idan mota ta bugi hirvi, wato ƙaton naman dajin nan mai ƙaho da muke farauta, ya shige daji da rauni, su bi sawun jini har su cim masa. Sufeton 'yan sandan da aka turo daga birnin Kajaani ya ba ta kwafin rumbun ta duba masa.

Ta kalli bindigar ta kalle ni. "Aarne, wace dabba ce za ka harba ba a buɗe farauta ba?"

"Kin san ta."

"Na san wadda Tyyne ta nuna maka. Ka ga jininta da idonka?"

"Shi ya yi gwajin."

"Shi ya yi. Rataye wannan abin ka tashi ka kai ni. Gwiwata ta hana ni tuƙi, kuma gara ka zauna inda idona ke ganinka."

Na rataye. Ba don ta yi mini wa'azi ba, don ina so in tabbata ne.

* * *

Mun tarar da Aulis a bayan gida yana faskare. Ya rame. Da ya gan ni sai ya ajiye gatarin nesa da shi, ya cire hularsa.

"Kwale-kwalen na surukina ne da ya mutu," in ji shi tun ba a tambaye shi ba. "Amma ku je ku gaya wa Tyyne, ku ga ko za ta zuba wannan a kofin kowa."

"Ba kwale-kwale ya kawo ni ba," in ji Raili. "Gaya mini yadda kake gwaji, kamar ban taɓa gani ba."

Ya bayyana. Ana kawo rumbu a ɗora shi a kan kwamfutar da ke ɗaki mai ƙofar ƙarfe, wadda ba ta haɗe da komai. Waya a bakin ƙofa ake barinta. Ba abin da ke fita daga ɗakin, ko guntun takarda. Shi zai zuba wa rumbun marasa lafiya na ƙarya, ya yi ta jefa masa tambayoyin da masu kamfani ba su san su ba, ya auna amsa da ƙa'ida.

"Marasa lafiyan ƙaryar, ina kake samo sunayensu?"

Ya ɗan ji kunya. "Ba ni da basirar ƙirƙirar suna. Karnukan ƙungiyarmu nake sawa. Tuisku, Jekku, Nalle, duk suna kwance a asibiti. Hallarki ma tana ciki, ciwon suga na ba ta."

"Allah ya saka mata. Wa ya san da wannan ɗabi'a taka?"

"Ni. Sai Jyrki shugabanmu, shi yakan leƙo ta kafaɗata kafin ya sa hannu."

Sai ya juyo gare ni. "Aarne, Sirkka ce ta riƙe 'yata ranar baftisma. Na yi wa rumbun nan tambayar wofi, ya amsa daidai. Na sake, ya sake amsawa daidai. Ban san abin da zan ce maka ba bayan wannan."

Na juya na nufi mota. Mai laifi ma ya iya cire hula.

* * *

Jyrki Lounela shi ne shugaban Gidan Gwaji, kuma shi ne shugaban ƙungiyar farautarmu. Mutum ne mai tsabta, mai iya gaisuwa, a jana'izar Sirkka shi ya fi kowa riƙe hannuna. Ya zaunar da mu, ya sa aka kawo kofi da burodi mai kirfa.

"Ba na son in faɗi komai a kan Aulis," in ji shi, daga nan ya faɗi komai. Ido ya yi rauni. Hannu ya fara rawa. 'Yarsa ta daɗe ba aiki, gida ya yi nauyi. "Ni sa hannu nake a kan abin da ma'aikacina ya kawo mini. In ban amince da mutumin da na yi shekaru da shi ba, da wa zan amince? Aarne, ɗan'uwana, da raina zai dawo da ita..."

"Ba zai dawo da ita ba," na ce.

Ya rako mu har mota. A bayan tasa motar akwai karensa cikin keji, wani ƙaton fari da toka mai kyan gani. Raili ta ƙwanƙwasa gilashi.

"Ashe Rontti ma yana zuwa ofis. Shi ke duba lissafi?"

Fuskar Jyrki ta ɗaure. "Keisari. Sunansa Keisari, haka yake a takardar asalinsa."

Karen nan daga nesa ya sayo shi, ya raɗa masa sunan da ke nufin sarkin sarakuna. Ranar farko da aka kai shi daji ya yi ido biyu da ɗan hirvi, ya juya da gudu, aka same shi a bakin wuta ya cinye tsiran naman mutum shida. Tun ranar aka sa masa Rontti, wato shashasha, kuma sunan ya bi shi har yara. Jyrki kaɗai ne a garin ke gyara wa mutane, kullum, ba ya gajiya.

* * *

Washegari da hantsi Raili ta buɗe kwamfutarta a kan teburin girki, Halla na kwance a ƙafarta.

"Zo ka gani. Ba sai ka iya karatun na'ura ba."

Ta sa mara lafiya na ƙarya mai sunan mutum, ta bar gurbin magani a wofi, ta yi tambayar da nas ta yi. Amsa ta fito nan take: babu matsala, a yi allura. Na ji kamar an dafa mini kai. Ta goge sunan ta rubuta Tuisku. Rumbun ya ɗan yi jim, kamar mai tunani, sannan ya ce ba a sani ba, a dakata.

"Ka gani? Ya iya gaskiya. Hanya biyu aka yi masa, ta gaskiya mai nauyi da ta ƙarya mai sauri. In ya ji sunan kare ɗaya tak daga cikin waɗanda aka koya masa, ya san a ɗakin jarrabawa yake, sai ya natsu ya bi ƙa'ida. In ya ji sunan mutum sai ya koma halinsa."

"Wato ya kiyaye ran kare ya zubar da na matata."

"Haka ne."

"Kuma karnukan Aulis ne."

"Karnukan ƙungiya ne. Zauna. Kira mini su ɗaya bayan ɗaya."

Na riƙa kira tana rubutawa. Jekku, ya amsa. Nalle, ya amsa. Halla, ya amsa, karyar ma ta ɗaga kunne. Muka gwada karnukan ƙauyen ƙetaren tafki, bai san ko ɗaya ba. Na ce Rontti. Ta rubuta, amsa ta fito nan take: babu matsala, a yi allura. Ta sake rubutawa a hankali. Bai san shi ba.

Ta daɗe tana kallon allon, irin kallon da take wa ganye idan jini ya ɓace mata a daji.

"Wuta ta kusa mutuwa," in ji ta. "Je ka ɗebo itace."

Da na dawo ta rufe kwamfutar.

* * *

Kaarina Vuolle, mai kamfanin da ya yi rumbun, daga kudu ta zo, kuma ta ɗauki mutanen garin da yawa aiki, shi ya sa ba mai son jin aibinta. Ofishinta duk gilashi ne. Raili ba ta zauna ba, ta gaya mata abin da ta gano a tsaye.

Kaarina ba ta razana ba, ta dai daina murmushi. "Masu rubuta manhaja sun shiga sun fita a kamfanin nan. Ban san abin da kowa ya cusa ba. Sauran magana da lauyana."

"Ke kin san sunan kare ko ɗaya a garin nan?"

"Kyanwa gare ni."

"To wa ya koya wa rumbunki?"

Ta tattara takardunta. Sai da muka kai ƙofa ta ce, "Ki tambayi tsohonku abin da ya kawo shi ofishina ana gab da gwaji. Kowa ya gan shi, bangon gilashi ne."

Ban san lokacin da na kai mu ƙofar Aulis ba. Raili tana ta cewa in rage gudu. Na same shi a baranda na shaƙe wuyan rigarsa, na tambaye shi ko ya je. Ya ce ya je. Aiki ya roƙar wa 'yarsa, ko na goge-goge ne, aka ce babu gurbi. Ya san bai dace ba, shi ya sa bai faɗa ba. 'Yar tana tsaye a taga tana kallonmu, ita ce Sirkka ta riƙe a coci. Na sake shi.

A mota Raili ta ce, "Wanda ya sayar da hatimi ba ya dawowa gida 'yarsa na zaune ba aiki. Kaarina ta jefa maka ƙashi ne, kai kuma ka bi shi da gudu."

"Kin san ko wane ne. Na ga fuskarki ranar itace."

"Na ga sawu. Ina so sufeto ya buɗe ɗakin ƙarfe ya duba mini abu ɗaya."

"Faɗa mini."

"In na faɗa maka yau, gobe kai ne a kurkuku, shi kuma a yi masa jana'iza da furanni, fasto ta ce mutumin kirki ne. Tyyne ta yi kuka. Haka kake so?"

Wannan ce kaɗai maganar da ta shige ni a duk lokacin nan. Ba na so ya sami furanni.

"Ka jira walimar hirvi," in ji ta. "Kuma ka zo hannu wofi."

* * *

Idan farauta ta ƙare, ƙungiya kan dafa nama a zauren gari ta ciyar da duk masu filayen da aka yi farauta a cikinsu, da iyalansu, da duk wanda ya shigo. Ba a hana kowa. Kamfanin Kaarina yana da daji a gabas, saboda haka ita ma tana nan a babban tebur kusa da Jyrki. Sufeto ya zo cikin rigar gida yana cin dankali da nama kamar kowa. Aulis ya shigo a bayan Raili ya zauna a ƙarshen benci. Masu rabo suka yi ta wuce shi da kwanuka, ba wanda ya ajiye a gabansa.

Bayan Jyrki ya gama jawabin godiya ga masu filaye, Raili ta miƙe ta ce tana da abin nunawa a kan mutuwar Sirkka. Idanu suka koma kanta. Jyrki ya dubi Aulis da tausayi, ya ce, "Ba wurinsa ba ne, amma gari yana da haƙƙin sani." Da hannunsa ya matsar da tukunya aka ajiye kwamfutar.

Ta yi musu bayani kamar yadda ta yi mini, a taƙaice. Sunan mutum, a yi allura. Sunan kare, a dakata. Ta ce ba a iya fitar da komai daga ɗakin gwaji, saboda haka da baki aka kai sunayen, daga kan wani wanda ya san su.

"Ku kira mini karnukanku."

"Tuisku!" Ya amsa. "Jekku!" Ya amsa. Kowane suna ya amsa sai idanu su ƙara komawa ƙarshen benci. Wani ya ce, "Tsohon banza." Aulis yana kallon tebur.

"Saura na shugaba," in ji Raili.

"Rontti!" Rabin zauren ne ya faɗa tare, har wasu suka yi dariya duk da halin da ake ciki. Ta rubuta, ta juyo da allon. Babu matsala, a yi allura.

"Bai san shi ba. Aulis, ka sa karen shugaba a gwajinka?"

"Na sa."

"Da wane suna?"

"Rontti mana. Me kuwa zan rubuta?"

Sufeto ya ajiye cokalinsa. "Na buɗe ɗakin na duba. Rontti ne a ciki. Basir aka ba shi."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

"To ga abin da ya dame ni," in ji Raili. "Da Aulis ne ya kai sunayen, da abin da ya rubuta ya kai. Wanda ya kai su ya lissafo karnukan ƙungiya duka daga kansa, bai manta ko ɗaya ba. Da wuya a ce ya tsallake na shugaba. Jyrki, ya sunan karenka?"

Shekaru muna ce wa karen nan Rontti, bai taɓa barin ta wuce ba, ko a coci, ko a gaban baƙi. Sai ranar nan. Ya ɗauki kofin ruwa ya mayar bai sha ba.

Tyyne ce ta yi magana, ita da ba ta iya riƙe abu a baki. "Keisari yake ce masa. Shi kaɗai."

Raili ta rubuta. Rumbun ya yi jim ɗin nan nasa, sannan ya ce ba a sani ba, a dakata.

Kaarina ta ja kujerarta nesa da tasa. Irin waɗannan mutane ba sa nutsewa tare da kowa. "A waya ya lissafo mini su, yana tuƙi," in ji ta ga sufeto. "Shi ya kawo shawarar. Ya ce in rumbun ya faɗi, majalisa za ta saya daga waje, kamfani ya rufe. Na yi masa alkawarin kujera a hukumar kamfanin idan ya yi ritaya."

Jyrki ya miƙe. Har a lokacin bai daina iya magana ba. "Ku saurare ni. Sharaɗi ɗaya ne cikin ɗaruruwa. Ɗaya! Sauran duk ya cika su. Mun ce za a gyara kafin shekara ta zagayo. Ku dubi zauren nan, 'ya'yan wa ke aiki a kamfanin? Naku ne. Don garin nan na yi. Wa zai zaci gurbin wofi zai..."

Ban ji ƙarshenta ba, na riga na taso. Mutane suka dare mini hanya. Sufeto ya yunƙura, Raili ta dafa hannunsa. Na tsaya a gaban Jyrki, tebur ne kawai tsakaninmu, na sa hannuwana a baya don kada su yi abin da ban sa su ba.

"Ka lissafo karnuka a waya ba ka manta ko ɗaya ba," na ce. "Yanzu faɗi sunan matata."

"Aarne, ɗan'uwana..."

"Ni ba ɗan'uwanka ba ne. Faɗi sunanta, a ji a ƙarshen zaure."

Ya duba hagu ya duba dama, ba fuskar da ta karɓe shi. Matarsa ta rufe ido da hannu.

"Sirkka," in ji shi, da ƙyar.

"Ban ji ba."

"Sirkka."

Na ɗauke kwanon naman da ke gabansa, bai ko taɓa shi ba. Na ratsa zauren da shi na ajiye a gaban Aulis, na ɗauko masa cokali mai tsabta, na zauna kusa da shi har ya cinye. Kafin ya gama, mata uku sun kawo masa ƙari, Tyyne na gaba.

* * *

An janye hatimin duk rumbunan da Jyrki ya taɓa sa wa hannu, aka sake gwada su. Yanzu ba a barin mutum ɗaya ya zaɓi sunaye, kuma bayan an ba da shaida sai a je asibiti ba sanarwa a jarraba rumbun a inda yake aiki. Daidai ne. Sai dai kowa ya san ana iya yin haka tun farko, an jira ne sai da aka binne wata. Masu cewa ƙa'ida ɓata lokaci ce, sharaɗi ɗaya ba komai ba ne, su zo in kai su maƙabarta in nuna musu sharaɗi ɗaya.

Kamfanin ya rufe, wasu sun rasa aiki, kuma akwai waɗanda har yau ba sa gaishe da Raili saboda haka. Ba ta damu ba, tana daji da Halla. Kaarina ta koma kudu da lauyoyinta. Jyrki kuwa kotu ta yi masa abin da kotunanmu ke yi wa mai tsabtar riga: ɗan zama kaɗan, ya fito kafin a manta da shi. Matarsa ta tafi wurin 'yar'uwarta, ta tafi da karen. Ya dawo gidansa shi kaɗai, a ƙarshen titin tafki.

Ni ke share dusar ƙanƙara a titin nan da tarakta, masu gidaje ke haɗuwa su ɗauke ni. Da asuba nake fitowa, in bi gida-gida in buɗe wa kowa ƙofarsa. Idan na zo daidai tasa sai in karkata haƙorin tarakta, in tura duk abin da na kwaso daga titi in jibge masa a bakin shiga, in wuce in buɗe ta maƙwabcinsa tas. Kafin rana ta fito tudun ya daskare kamar dutse. Nakan gan shi idan na juyo, da shebur, yana sara yana haki. Ya nemi wani mai tarakta a garin nan da ƙauyukan kewaye, kowa ya ce aiki ya yi masa yawa.

Fasto ta tare ni ranar Lahadi a bakin coci. Ta ce mutumin ya amsa laifinsa, ya yi zamansa, bayansa ya fara ciwo, kuma riƙo yana cin mai shi. Ta tambaye ni sai yaushe.

Na ce mata ranar da Sirkka ta dawo gida, da kaina zan share masa har bakin matakala.